Malama Haula da Mai Albasa

Haula tana zaune a kan bencin asibiti a Sakkwato, ta ja hijabi har gira, ta ɗaga kai ke nan sai ta yi ido biyu da Harisu mai albasa. Mutumin da rumfarsa take kan hanyar da take bi kullum a Illela, in za ta Islamiyyar mahaifinta koyar da 'yan mata. Shi ma riƙe yake da kati irin nata.

Masu shan maganin ƙanjamau a Illela suna da wata dabara da kowa yake zaton shi kaɗai ya gano ta. Maimakon su karɓi magani a gida, inda mai shara ma ya san sunan kakarka, sai su hau mota har Sakkwato. Abin da ba sa tunawa shi ne duk mai jin kunya hanyar nan ɗaya yake bi.

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa ya dubi ƙofa, ya dube ta, sannan ya zo ya zauna can ƙarshen bencin.

"Malama, ina kwana," ya ce a hankali. "Ni dai ban gan ki ba."

"Ni ma ban gan ka ba."

"To madalla. Tunda ba mu ga juna ba, kin yi kalaci? Layin ga ba shi ƙarewa sai azahar."

Dariya ta kufce mata, ta yi sauri ta rufe baki. Shekara uku tana zuwa wannan asibiti, ba ta taɓa yin dariya a cikinsa ba.

Haula ta yi aure tana da shekara ashirin. Mijin ya rasu ba a daɗe ba, ya bar mata cutar da bai taɓa gaya mata yana da ita ba. Ta dawo gida, daga ita sai mahaifinta Malam Attahiru suka san zancen. Manema sun zo, cikinsu har da Bashar, ɗalibin Malam mai natsuwa, duk ta sallame su, don ba ta ga bakin da za ta fara yi wa namiji bayani da shi ba. Amma tana son aure, kuma tana son ta goya ɗa nata na kanta. In ta ga ɗalibanta suna rigimar allo, sai ta ji ina ma ɗaya daga cikinsu nata ne.

Daga ranar nan sai ranakun karɓar maganinsu suka riƙa haɗuwa, wai ba da shiri ba. A mota shi gaba, ita baya, ba mai ce wa wani uffan har a wuce Gwadabawa. Waya ce ke yi musu magana.

*Malama, kin wuce ɗazu ko kallon rumhwata ba ki yi ba. Albasa ta yi hushi.*

*A ba albasa haƙuri, idon mutane ya yi yawa. Ka sha maganinka, mai albasa?*

*Na sha. Da can agogo ke tuna mani, yanzu ke ta.*

Ta karanta wannan ya fi a ƙirga. Kowa ya san mai albasa ba ya ƙamshin turare, amma Haula har rage sauri take yi in ta zo daidai buhunan da yake kwasowa daga Kalmalo.

Mutanen benci suna da doka guda da ba a rubuta ba: ba a tambayar mutum ta ina ya samo. Haula ba ta tambaya ba. A ranta ta ɗora wa askar wanzami laifi, ta taɓa faɗar haka a hira, Harisu kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da kawun Harisu ya zo neman iri, Malam Attahiru ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi ba amsa. Da yamma ya kira 'yarsa zaure.

"Ɗan kasuwar iyaka na. Yau Ƙonni, gobe Galmi, jibi Tawa. Wa yas san shi? Ga Bashar nan, gabana yat tashi."

"Baba, Bashar bai san halin da nika ciki ba. Harisu ya sani. Shi ma shina shan magani."

Ta zaci wannan zai sauƙaƙa, ashe ƙara dagula lamarin ta yi. Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Ke na san ta inda taz zo maki. Shi hwa, ta ina?"

Daga baya ta ba Harisu labarin tambayar nan da ta kasa amsawa. Watanni suka shuɗe Malam bai ce ƙala ba. Haula ba ta yi masa gardama ba, ramewa kawai ta yi, abinci ya daina shiga. Uba dai uba ne. Ranar da ya ga zobenta yana yawo a yatsa sai ya aika wa kawun Harisu, aka sa rana Juma'ar farko bayan ƙaramar Salla. Ya yarda ne don tausayin 'yarsa, zuciyarsa ba ta kwanta da angon ba.

Ana saura kamar mako biyu biki suka je karɓar magani, suka yi wa Sista Jamilatu albishir. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke duba su tun farko. Ta taya su murna, sannan ta ce kafin aure za a gwada jininsu a duba sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Harisu ya yi dariya. "Sista, mu da babbar ta riga ta kama, mi za a biɗa kuma?"

"Abin da kowa ke faɗa ke nan," in ji ta. "Maganin da kuke sha ƙwayar ƙanjamau yake dannewa, kuma taku ta kwanta, alhamdu lillahi. Amma ba ya maganin ciwon sanyi, ba ya maganin tunjere. Jikin da garkuwarsa ta taɓa yin rauni kuwa, bai kamata a bar masa wani ciwo yana ɓoye ba. Miƙo hannunka, ango."

Ɗaya bayan ɗaya aka kira su jin sakamako. Haula ta fito da fara'a. Harisu ya daɗe a ciki, da ya fito ya ce mata lafiya lau, idonsa yana ƙasa. A mota ta aika masa saƙo biyu, tana hango ƙeyarsa, bai ko taɓa wayar ba.

Tunjere aka samu a jininsa. Shekarun baya, lokacin da yake bin manyan motoci zuwa Tawa, ƙuruciya ta ja shi inda bai kamata ba. Wani ɗan gyambo ya fito masa a gaba, ya sayi kafso a hannun mai tallan magani a kasuwar Ƙonni, gyambon ya ɓace, ya ɗauka shi ke nan. Sista ta ce haka ciwon yake, yakan ɓuya cikin jini shekara da shekaru. Maganinsa allura uku, mako-mako. Ta ce kada ya kusanci amarya sai an gama, kuma dole ta sani, don in ya kama ta ta yi ciki, jaririn ne zai fi shan wahala.

Allura ba ta dame shi ba, a ranar aka yi masa ta farko. Abin da ya hana shi sukuni shi ne tunjere ba a samun sa a wajen wanzami. In ya faɗa, ya amsa tambayar Malam da bakinsa, kuma yana ganin auren ya tashi ke nan. In ya yi shiru, sai a ɗaura, ya riƙa kawo uzuri har ya gama allurai a ɓoye. Shaiɗan ya yi ta gyara masa wannan shawara. Ya kasa ɗaukar ta, ya kuma kasa yar da ita, sai ya gudu Galmi wai sayen albasa.

Haula ta wuce rumfarsa da safe, ta wuce da yamma, abokin cinikinsa Jabir kaɗai take gani. A gida ana ta shigo da kayan ɗaki, 'yan uwa suna gardamar launin labule, ita kuwa tana zaune da waya a cinya.

*Mai albasa, lahiya? Ko kira guda.*

*Yau na dahwa tuwo na sa albasa har ta yi yawa, ina tuna ka.*

*Harisu, in laihi na yi, hwaɗa mani.*

Saƙonnin suna shiga, ana buɗewa, ba amsa. Kewarsa ta hana ta karatu, ta hana ta koyarwa. Wata ɗaliba ta karanta aya ba daidai ba har sau biyu, Malama ba ta ji ba. Maganar ta fara fita gari, har wata gwaggonta ta soma cewa ai Bashar yana nan bai yi aure ba. Ranar da ta kasa daurewa, ta rubuta masa:

*In ka hwasa, zo ka hwaɗa mani da bakinka, ba ni riƙe ka. Na taɓa zama da wanda yay yi mani shiru har kabari. Ba ni iya na biyu.*

Harisu yana tsaye cikin buhuna ya karanta. Ya zauna a kan wani buhu, ya rufe fuska da hula. Ko sallama bai yi wa dillalan ba ya nemi motar Ƙonni.

Bayan la'asar ya yi sallama a zauren Malam Attahiru. Ya roƙi a kira Haula ta tsaya bayan ƙofa, don maganar tata ce. Ya durƙusa.

"Malam, na zo in roƙi a ɗaga ranar aure."

"Don mi?"

Ya faɗa duka. Tawa, gyambon, kafson Ƙonni, abin da Sista ta gano. Bai yi wa kansa ado ba. Ya ce ya tuba tun da daɗewa, amma tuba ba ta wanke jini, sai allura.

"Abin da kat tambayi Haula ta kasa ba ka amsa, ga shi na kawo maka. In ka ce an hwasa, ban da ta cewa."

Daga bayan ƙofa ana jin numfashin mai kuka.

"Wa yat tilasta maka ka hwaɗi?" in ji Malam.

"Ba kowa."

"Da ka yi shiru, wa za shi sani?"

"Allah. Sai kuma jikinta daga baya."

Malam ya ajiye carbi. Dattijon da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya sa bakin rawani ya goge ido.

"Mijinta na hwarko ni na zaɓa mata. Ɗalibina na, ya hardace Alƙur'ani gabana. Ya san abin da ke jikinshi, yaz zauna inda kake zaune, bai ce mani komi ba." Ya juya wajen ƙofa. "Haula, ke ad da magana."

Ranta ya sosu, ba ta ɓoye ba.

"Abin da yaw wuce tsakaninka da Allah na, Harisu. Shirun da kay yi mani shi ne yac ci mani rai. Kar ka sake."

"Ba ni sakewa, Malama."

"Allura nawa tar rage?"

"Biyu."

"To ran da za ka, mota guda za mu shiga. Ina son in ga yadda kake yamutsa huska."

Malam ya yi gyaran murya don kada a ga murmushinsa. Ya ce zancen dalili kuma a bar masa, shi zai ce ya ɗaga, ba mai zuwa zaurensa ya tuhume shi. Haka kuwa aka yi. Gari ya ɗauka, wasu suka ce taurin kan malamai ne, wasu suka ce so yake ya gajiyar da mai albasa ya ba Bashar. Malam ya ji duka, ya bar su da bakinsu.

Makonnin nan sun yi wa masoyan tsawo fiye da duk watannin baya. Ɗakin amarya a gyare, lefe a jere, su kuwa suna kan bencin asibiti, shi a wannan ƙarshe, ita a wancan. Ranar allura ta ƙarshe ya fito yana ɗingishi, ta sunkuyar da kai tana dariya. Sista Jamilatu ta ce su ƙara mako guda, kuma su dawo bayan 'yan watanni a sake duba jini. Harisu bai yi gardama ba ko kaɗan.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan Malam ta cika, 'yan albasa daga Kalmalo da Amarawa, abokan ciniki daga Ƙonni, almajiran ilimi da rawunansu. Kafin a fara, limamin unguwa, abokin wasan Malam tun ƙuruciya, ya zolaye shi a gaban jama'a.

"Attahiru, yau dai ba ka sake ɗaga muna ko? Mi kat tsaya jira haka?"

"Jira nika in san wanda za ni ba ɗiyata," in ji Malam. Ya miƙa hannu ya kamo na Harisu ya riƙe. "Yanzu na san shi. A ɗaura."

Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Malam ya yi addu'a da kansa, Allah ya ba su lafiya mai ɗorewa, ya ba su zuri'a masu lafiya, ya sa kada ɗayansu ya taɓa kwana da abin da ɗan uwansa bai sani ba. Jama'a suka amsa da amin, Harisu ya kasa ɗaga kai.

A cikin gida guɗa ta tashi. Haula tana lulluɓe a tsakiyar ƙawaye, hannu duk lalle, wayarta ta yi motsi.

*An ɗaura, matata. Babanki bai saki hannuna ba har yanzu.*

Ta karanta, hawaye suka zubo a kan lallen. Da yatsa guda ta rubuta masa amsa.

*Bar shi shi riƙe. In ya saki, nawa na nan.*