Abin da Ya Narke a Firiza

Mai gyaran firji ya zare wayar firizar ɗakin gwaji, ya jona injin waldarsa, ya manta. Washegari ya mayar, komai ya sake daskarewa kamar ba a taɓa ba.

Ba wanda ya gani. Da ƙafarsa ya nemi mai firizar, wata doguwar ɗaliba mai farar riga, ya faɗa mata.

Ta buɗe, ta ɗauko 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba. Ta ce waɗannan nukiliyotaid ne, tubala huɗu da ake gina ƙwayar gado da su. Wannan kuma ATP, man da kowace ƙwayar jiki ke ƙonawa ta samu ƙarfi. Tunda sun kwana a narke, ba abin yarda ba ne, gwajinta ya koma farko. Ta wanke shi tas a gaban mutane, ta kira shi maɓarnaci. Ya tsaya ya shanye.

Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne, da ya yi shiru, da ta yi ta gini a kan ruɓaɓɓen abu ba ta sani ba. Ta rasa yadda za ta tsane shi.

Ya dawo ya haɗa wa firizar ƙararrawa da batir. Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Uwar faɗa, ƙararrawar ta fi ki ƙara, amma na fi son taki."

Ta mayar: "Maɓarnaci, ka kiyaye ni."

Bai kiyaye ta ba. Kafin ta kammala sabon gwaji, in bai leƙo ba, ita ke neman dalilin da firizar za ta buƙaci dubawa.

Mahaifinta tsohon alƙali ne, ya riga ya yi wa ɗan ƙaninsa mai kantin magani alkawarinta a zuci. Ɗan ƙanin nan ne ya kawo gulma, wai ga wanda ya rusa mata karatu tana bi. Tsoho ya kira ta, ya ce jininsu da na mai baƙin mai a farce ba ɗaya ba ne.

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba, amma idonta ya yi ja.

"Baba, jinin nan shi nake dubawa kullum. Tubala huɗu ne, naka da nasa. Gaskiya ce ba a gani a kwalba. Shi kuwa ya faɗe ta ranar da ba mai kama shi."

Tsoho ya sa aka kira saurayin. Ya tambaye shi me ya hana shi ɓoyewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wahalarta ce a ciki." Tsoho ya yi shekaru yana jin masu laifi suna rantsuwa, bai cika ganin irin wannan ba. Ya sa rana, ya sa musu albarka a taƙaice.

Ranar ɗaurin aure tana bayan labule, ta ji baffanta, uban mai kantin magani, ya shigo a fusace, yana cewa an wulakanta ɗansa, a fasa tun kafin mutane su zauna, ko zumunci ya yanke.

Tsoho ya gyara hularsa, ya ɗauki sandarsa.

"Na ba shi. Ba zan fasa ba."