Muryar Dada A Kaset

"Ni fa ba taɗi na zo ba, Sabiru. Amfilifaya nake nema."

Sabiru ya ajiye rediyon da yake kwancewa, ya ɗago a hankali. Wata biyu ke nan rabonsa da Sadiƙa, tun ranar da mahaifinta Alhaji Lado, tsohon sakataren ƙaramar hukuma, ya ce autarsa ba za ta auri mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Kazaure ba.

"To, ranki ya daɗe... wace irin sifika za ta ja?"

Ta miƙa masa wayarta ba tare da ta yarda sun haɗa ido ba. Hoton sifiku biyu ne na katako mai sheƙi, kowace ta kai ƙirjin mutum. Yayanta Hamma Ukasha ne ya aiko wa mahaifin nasu, wanda suke kira Baffa, su daga Turai.

"Kai! Sadiƙa, kin san abin da ke falonku kuwa? Waɗannan ba kowace amfilifaya ke iya musu ba. Om huɗu ne, shan wuta gare su. In aka haɗa su da ƙarama sai ta shaƙe, murya ta tsage."

"Ta riga ta tsage," ta ce, idonta ya ciko.

Sannan ta ba shi labari. Akwai wani kaset da Dada, mahaifiyarta Kaltume, ta ɗauka da bakinta ta aika wa Baffa lokacin da yake kwas a Zariya, shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Yau shekara huɗu da rasuwarta, jin kunnen Baffa kuma kullum raguwa yake. Da aka kunna masa kaset ɗin da wata 'yar amfilifaya, sai ya daka tsawa, "Kashe! Wannan ba Kaltume ba ce!" Tun ranar ko abincin kirki bai ci ba.

"Ina tsoron kunnen ya rufe bai sake jin ta ba..."

"Share hawayenki, sanyin idona. Gobe bayan la'asar ina nan tafe."

Washegari an sha ruwan sama da rana, duwatsun bayan gari sun yi kore shar, ƙamshin ƙasa ya cika falon. Baffa na kishingiɗe a kan darduma. Da ƙyar ya amsa gaisuwar Sabiru.

"Aiki ya kawo ka, yi aikinka."

Amfilifaya uku ya zo da su. Ta farko ƙatuwa ce mai fitilu kala-kala. Yana kunnawa tagogi suka ɗauki rawa.

"Gidan biki ka mai da mini falo?" in ji Baffa.

Ta biyu mai ƙananan kwalabe ce da ke yin ja in sun ɗau zafi. Sadiƙa ta ƙura musu ido kamar mai kallon garwashi. Sautin ya fito da laushi, amma can nesa.

"Ranka ya daɗe, tana da daɗin murya, sai dai ƙarfinta bai kai na sifikun ba."

"Na ji. Kamar daga cikin rijiya."

Da ya kwance zanen da ya naɗe ta uku, Sadiƙa ta matso kusa. Baƙar akwati ce mai nauyi, ba suna ba ado. Ta san ta sarai. Shekara biyu yana haɗa ta da hannunsa, kuma ta san don wa.

"Wannan wat ɗari ce kowane gefe, ranka ya daɗe. Ba ta ihu, ba ta kuma gajiya."

Ya ɗaura wayoyin, ya danna kaset.

Ƙarar ruwa a kan kwano aka fara ji. Sai gyaran murya. Sai...

"Salamu alaikum, Malam. Ka ji damina ko? Gyaɗar gonar Roni ta yi kyau, har Dela ta kawo mana ɗanya. Ita kuma wannan 'yar rigimar taka ta fara rarrafe, ko'ina ta ji rediyo can ta nufa... Ke Sadiƙa, sakar mini zane!"

Dariyar Dada ta cika ɗakin, da 'yar shaƙewar nan da take yi a ƙarshe. Sadiƙa ta lumshe ido. Ga Dada nan zaune tsakanin sifikun, ƙafa a miƙe, hannunta jawur da lalle. Ji ta yi in ta miƙa hannu za ta taɓa gefen zanenta.

Baffa ya tashi zaune.

"Na'am, Kaltume," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na'am... ina jin ki."

Har kaset ya ƙare babu wanda ya motsa. Baffa ya goge fuska da hannun riga, ya dubi Sabiru, wannan karon da kyau.

"Ita nake so. Wane kamfani ya yi ta?"

"Ni na haɗa ta, ranka ya daɗe. Ba ta sayarwa ba ce, na bar maka."

"Don wa ka haɗa ta?"

Sabiru ya sunkuyar da kai. Sadiƙa ta dube shi. Ba ta taɓa tsoma baki a maganar Baffa ba, amma sai ta ji muryarta ta fito.

"Don ɗakina, Baffa."

Baffa ya dubi amfilifayar. Ruwan indararo kawai ke ɗiga a tsakar gida.

"To ai ba a raba mace da kayan ɗakinta," Baffa ya ce daga ƙarshe. "Aro na karɓa. Kai yaro, wa ke gare ka?"

"Ƙanen mahaifina, Malam Yakubu, a Kanya Babba."

"Ka ce masa Juma'a ina gida."

Sadiƙa ta durƙusa a gabansa, kuka ya ƙwace mata.

"Baffa, in na tafi wa zai kula da kai?"

Ya dafa kanta, yana murmushin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Daga nan zuwa bakin kasuwa har tafiya ce? Tashi ki kawo wa baƙonmu fura. Ni ma ki zubo mini tuwo... yunwa nake ji."