Wanda Ya Kashe Jarumin Salih

Da hantsin Talata Salih mai zanen surfani ya shigo ofishin 'yan sanda na kusa da Kasuwar Umdurman, ya ce an yi kisa. Sai da Sufeto Mawahib ta ɗauki hula ta miƙe sannan ya bayyana cewa mamacin jarumi ne na wasan kwamfuta.

Ta koma ta zauna.

Amma sata kam an yi. Kwana uku ke nan da ɗauke kwamfutarsa daga shago, ga zanen kayan wata amarya a ciki, kuma jibi za a zo karɓa. Wasan kuwa na shiga rami ne hawa-hawa, in jarumi ya mutu ya mutu ke nan. Sai dai akwai kundi da wasan ke rubutawa a intanet: kowane taku, abin da aka ci, wanda aka doka. A nan Salih ya ga ɓarawon ya ci gaba da wasa da jarumin da ya yi wata bakwai yana lallaɓawa, har ya kashe shi.

A shago Mawahib ta tarar ba a fasa kwaɗo ba. Mabuɗi uku ne: na Salih, na maƙwabcinsa Hussein mai yadi, da na Kawu Muhammad Sani, wan mahaifiyar Salih, wanda kullum yake masa faɗa a kan wasan.

Ta karɓi wayar Salih ta bi kundin layi-layi. Salih ya bar jarumi a hawa na tara, ɓarawo ya kai shi na sha biyu. Kafin nan ɓarawon ya sauya wa karen da ke bin jarumin suna zuwa Hussein, ya jefe shi da dutse sau arba'in da ɗaya.

"Wa ke ƙin ka a kasuwar nan?" ta tambayi Hussein.

"Ni, ranki ya daɗe? Kowa nawa ne."

Ta nuna masa layin duwatsun. Ya karanta har ƙasa, ya goge gumi, sannan ya yarda cewa shekara biyu Kawu ba ya amsa masa sallama, saboda wata rumfa da ta tsallaka iyaka da taku ɗaya.

Ita da Salih sun sami Kawu a gida yana shan gahawa, idanunsa jajur. Ya ce shi ko kunna na'urar bai iya ba, kuma wanda ya sace ta ya taimaki yaron.

Mawahib ta juya ga Salih kamar ta manta da tsohon. Ta ce lallai ɓarawon ba dattijo ba ne, wani sakarai ne, don kwana uku ya yi bai ƙara ko hawa ɗaya ba.

Kawu ya dire finjali. "Hawa uku ya ƙara, 'yata. A faɗi gaskiya."

"Wa ya gaya maka, Baba?"

Kawu ya sa hannu ƙarƙashin gado ya jawo kwamfutar a naɗe cikin rawani. Ya ce ya ɗauke ta ne don ya raba ɗan ƙanwarsa da shiririta, ya buɗe kawai ya ga me ke cinye wa yaro hankali. Tun ranar bai leƙa kasuwa ba.

Salih ya duba, zanen amarya na nan. Ya roƙi a bar maganar, amma Mawahib ta ce an riga an buɗe fayil, sai Kawu ya je ya ba da jawabi.

A bakin mota tsohon ya tsaya, ya rage murya.

"Salih, jan ruwan nan na kwalba da na ba jarumin ya sha, mene ne shi?"

"Guba ce, Kawu. An rubuta a jiki."

Kawu ya jinjina kai ya shiga mota. "Ban sa tabarau ba."