Safar Malam Talha

An sace safar Malam Talha ranar Talata da hantsi, a kan igiyar shanya, a bayan gidansa na Limawa. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ne, ana tsakiyar zafi.

Wanda bai sani ba zai yi dariya, ya ce safa ce kawai. To ba irin ta kasuwa ba ce. Likita ne a Kano ya gwada ƙafar Malam da tef, aka saƙo ta daidai shi, dama da hagu, daga ƙasar waje. Tana kama idon sawu tam, tana sassautawa zuwa gwiwa, sai jinin da ya kwanta a ƙasa ya koma sama. Kafin ta zo, ƙafafun Malam kamar turmi suke, ga gyambo a ƙauri shekara uku. Wata huɗu da sa ta, gyambon ya rufe, fata ta kwanta. Mutane har zuwa suke yi su gani. Amma likita ya faɗa: in gyambon ya sake buɗewa, ƙafar za a cire.

Kwana uku da satar, ƙafar ta fara tashi. 'Yarsa Mu'minatu ta aika aka kira Sajan Mailafiya, ɗan sandan nan wanda ya yi karatun allo a zauren gidan.

"Allah gafarta Malam, wa ya san amfanin safar nan?"

"Duk wanda ya zo gaishe ni. Ni da bakina na yi ta ba da labari."

Mu'minatu ta yi magana daga bayan labule. "Yallaɓai, mutum biyu ne suka bi ta bayan gida ran nan. Hassana mai wanki, da Ɗan'inna da ke kawo mana nono daga Buji."

Sajan ya fara da Hassana. Ta riƙe haɓa. "Ni na wanke ta, ni na shanya. In sata zan yi, ga atamfa a igiyar, sai in ɗauki wannan abu mai kama da saɓar maciji?"

Ɗan'inna kuwa a tsorace ya zo, don ya ji ana cewa yanzu hannu ake yankewa. Sajan ya ce ya ɗage wandonsa. Ƙafafu siriri, busassu, kamar sandar kiwonsa.

"Tafi abinka. Mai irin ƙafar nan ba ya satar magani."

Daga nan Sajan bai ƙara tambayar kowa ba. Ya sami benci ya zauna kusa da inda ake alwala a masallacin unguwa, azahar da la'asar, kwana biyu. Abokan aikinsa suka ce Sajan ya tuba. Shi ƙafafu yake kallo. Tsofaffi masu kumburi ya ƙirga su shida, duk sun naɗe wando sun wanke a gabansa. Mutum ɗaya ne bai tsuguna da buta ba: Nata'ala mahauci, wanda ya shekara ashirin a tsaye gaban teburin nama. Da alwalarsa yake zuwa daga gida, ya shige sahu, yana ɗan ɗingishi.

Washegari Sajan ya same shi a rumfa.

"Sarkin fawa, takalmi ya yi kyau."

"Tsoho ne, Yallaɓai. Na aurena ne."

"Tun ina kurtu da silifa na san ka, ita ma sai ka yanke mata baki. Yau sau-ciki ya shiga. Wane malami ya yi maka addu'a?"

Nata'ala ya ajiye wuƙa.

"Zauna. Ɗage wandon."

Ga safar Malam a ƙafafun biyu. Da aka zare ta, Sajan ya ga abin da bai taɓa gani ba, har ya cire hularsa. Ƙafar dama, wadda kowa ya sani kamar gangar jiki, ta sabe ta koma ta saurayi. Jijiyoyin da ke murɗe kamar igiya sun kwanta. Ko sati ba a cika ba! Ba allura, ba sassaƙe, zare kawai. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Ashe jini ma hanya yake nema."

Sai ya dubi ta hagu. Safar ta yi wa Nata'ala tsawo, ya naɗe bakinta sau uku a ƙasan gwiwa, ta zama ɗauri. Yatsu biyu sun yi baƙi, sanyi ƙalau.

"Kana cire ta in za ka kwanta?"

"Ina tsoron iyali su gani. Sau ɗaya nake zare ta, a banɗaki, in yi alwala in riƙe. Yallaɓai, shekara ashirin ban ji ƙafata ba nauyi ba. Na kai wa Malam nama ta baya, na gan ta a igiya, zuciya ta ci ni. Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Wanda ya bar atamfa ya ɗauki safa, ƙafarsa ke ciwo. Kuma Musulmi ba ya iya ɓoye ƙafa, sau biyar yake nuna ta a rana. Duk unguwar nan kai kaɗai ka daina nunawa."

Aka mayar wa Malam safarsa kafin magariba. Gyambon ya fara ja amma bai fashe ba, sati biyu ƙafar ta sake kwanciya. Da aka yi maganar kotu, Malam ya ɗaga hannu. "Mara lafiya ne ya ɗauki maganin ɗan'uwansa. Na yafe. Ku kai shi asibiti."

A can aka gano Nata'ala yana da ciwon suga, kuma masu irinsa ba a matse musu ƙafa sai da gwajin likita. Alƙali bai taɓa hannunsa ba. Yatsun nan biyu kuwa, likita ya yanke su ranar Litinin.