Ruwan da Sallau Bai Sha Ba

Akwai mai bin majalisa yana cewa ƙwaya ce ta taɓa Yaya Sallau a Turai. Ya san kansa, yanzu ma yana jina. Ni ban yi boko ba, gyaran famfo na koya da hannuna, amma na san ruwa, na kuma san maƙaryaci. Ku matso. Lantana, rage fitilar nan.

Ba ma Turai ya je ba. Can ƙarshen arewacin duniya aka kai shi, wani dogon lungun teku tsakanin duwatsun ƙanƙara, inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Aikinsu, shi da wasu Turawa masu bincike, bin asalin ruwa. Ya ce mini kowane ruwa da tambarinsa: na narkakkiyar ƙanƙara bai kai na teku nauyi ba, na sama ma daban. Ɗigo kaɗan za a ba na'ura, ta faɗi inda ya fito. Tun yana ɗalibi ya auna rijiyar gidan nan, lambarta na cikin littafinsa.

Ana cikin haka ciwon Inna Tabawa, mahaifiyarsa, ya tashi. Ni na kira shi. Na ce tsohuwa tana nemanka, ka taho ku yafi juna. Ya ce saura kwana tara su gama ɗiba, in ya tafi aikin shekara ya lalace. Na zage shi, ban ɓoye ba.

Dokarsu ba a fita sai mutum biyu. Ran nan abokin tafiyarsa ya kwana da zazzaɓi, Sallau ya saɓi jakar kwalabe ya bi bakin ruwa shi kaɗai, don a gama da wuri.

Rana tsaka. Ba iska. Ya tsuguna yana cika kwalba, sai ya ji sallama. Da Hausa.

Mace ce, da zane ɗaya da mayafi. A wurin da numfashin mutum ke fita kamar hayaƙi, nata ba ya fita. Ba takalmi. Ƙafafunta da jar ƙasa, busasshiya, bayanta kuma ko sawu ɗaya babu. Fuskar a rufe. Muryar kamar daga cikin rijiya.

Ta miƙo moɗa.

"Sha, ɗan nan. Ka yi nisa."

Ya karɓa. Ruwan da ɗumi, yana ƙanshin randa. Ko yaro ya san ba a mayar da ruwan maraba, ya kuma san ba a shan na aljanu. Sallau ya rasa wanne zai bi, sai hannunsa ya yi abin da ya saba: ya juye a kwalba, ya toshe, ya rubuta lamba.

Ta daɗe tana kallon kwalbar.

"Ko kurɓi ɗaya?"

Ya ce sai ya auna tukuna. Ya ɗago, ba kowa. Moɗar ma babu.

Ya koma masauki ya tarar da saƙona: Inna ta cika da azahar. Ni na ba ta ruwan ƙarshe. Ta kurɓa, ta ture moɗar, ta ce a ajiye wa Sallau sauran.

Bayan sati uku sakamako ya fito. Kwalba ɗari da sittin, duk ƙanƙara da teku. Ɗaya ta fita daban. Turawan suka ce kuskure ne, wannan ruwan ƙasashen zafi ne. Sallau ya buɗe tsohon littafinsa. Rijiyarmu ce, lamba da lamba.

Ya ruga ɗakin awo zai shanye sauran. Ya tarar an zubar, an wanke kwalaben, an kife. Haka suke yi in an gama.

Ban ce Inna ce ba, mamaci ba ya dawowa. Liman ya ce da Sallau ya sha, da bai dawo ba. Sallau ya ce da ya sha, da ya san ko ta yafe.

Don haka kada wanda ya bi bakin ruwa shi kaɗai, ko da rana ce. In kuma tsohuwa ta kira, a ajiye komai.

Gobe ku kai wa Sallau ruwa a moɗa. Zai karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya ajiye, ya ce ba wannan ruwan ba ne. Ku kalli idonsa lokacin. Sannan wanda ya isa ya zo gabana ya ce ƙarya na yi.