Jan Ɗigo a Gidan Gonar Alhaji Illa

"Kwanta! Kife cikinka, tsoho!"

Shekara ne ya daka tsawar, bakin bindigarsa a ƙeyar maigadi. Rana tsaka ce, ranar kasuwar Matameye, duk ma'aikatan gonar sun tafi gari. Sallau maigadi ya zube cikin rairayi, butarsa ta kife, ruwan alwala ya bi ƙasa.

"Ina makullin motar?"

"Wace mota, ɗana?"

Khalifa, yaron Shekara, ya zuba masa gindin bindiga a kafaɗa. Tsohon ya yi nishi, ya nuna aljihunsa.

Ikrama bai tsaya kallonsu ba. Ya gyara rawanin da ya rufe fuskarsa, ya nufi rumfar kwano da ke ƙuryar gidan, ya kama tamfol ya yaye.

Ga ta nan. Ja wur, kwance ƙasa-ƙasa kamar kada, da baƙaƙen zane biyu daga hanci har baya. Fitilar hagu a fashe. Goshinta ya loɓa, shuɗin fenti manne a wurin. Ikrama ya ɗora tafinsa a kan loɓawar. Shi da kansa ya shafa wa amalanken wansa wannan fentin.

Ikrama gyaran waya yake yi a bakin tasha, amma kafin nan ya daɗe a wani gareji a Damagaram, shi ke fita gwajin motoci. Can ya kamu da son motar tsere. Akwai wani zaure a intanet inda mahaukatan mota irinsa ke taruwa. Kowa ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam, ya riƙa leƙa gidajen attajiran duniya ta sama, in ya hango motar tsere ya ɗauki hoton ya turo, a yi ta gardamar irinta. Idon Ikrama ya goge a wannan wasa. Daga faɗin ƙugun mota da gajartar inuwarta yake gane ta. Abokansa na tasha dariya suke masa, wai mai gyaran waya yana kiwon motocin Dubai.

Sai aka kashe Issa.

Issa wansa ne, rake yake ɗaukowa daga fadamar Dungu a amalanken jaki. Wata safiya mota ta kwashe shi a kan kwalta, ta wuce ba ta ko taka birki ba. Da farko kowa cewa yake jar mota ce mai ƙara kamar jirgi, kuma Fahad ɗan Alhaji Illa ne a ciki. Amma Alhaji Illa shi ke da rabin manyan motocin da ke tsayawa a tasha, shi ke sayen gyaɗar mutane. Da jandarma suka zo tambaya, duk baki ya mutu. Alhaji ya ce ɗansa yana Yamai, shi kuma bai taɓa mallakar irin wannan mota ba. Babu takardarta a ko'ina, ta ɓarauniyar hanya ta shigo ƙasa.

Ikrama ya bar leƙen Dubai, ya dawo da taswirar kan Matameye. Gida-gida ya bi, gona-gona, har damina ta wuce aka sabunta hoton yankin. Nan ya gan ta, an fito da ita daga rumfa ana wanki, a gidan gonar Alhaji da ke hanyar Dungu. Ya ruga wurin jandarma da wayarsa a hannu.

Ajudan, shugaban jandarman garin, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya mayar masa. "Ni jan ɗigo nake gani. Mai shari'a ba zai ba ni izinin shiga gidan mutum a kan ɗigo ba. Kawo mini shaida, ko ka kawo mini motar."

"To, ranka ya daɗe," in ji Ikrama. "Na ji."

Washegari da la'asar ya sami Shekara a teburin mai shayi, bayan kasuwar dabbobi. Kowa ya san sana'ar Shekara, ba mai faɗa. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya yi fito.

"Wannan ƙarfen, in ya tsallaka iyaka, mun huta. Kai me kake so a ciki?"

"Ni zan tuƙa. Kuma ba jini."

"Ba jini, malamin sama," Shekara ya ce yana dariya. "Mu da muke aikin tsabta?"

Yanzu ga shi makullin ya faɗo a tafin Ikrama, Khalifa ne ya jefo. Ya sunkuya zai buɗe ƙofa, rawanin ya kama a jikin madubi, ya warware.

Sallau ya ɗago kai daga ƙasa. "Ikrama? Ƙanen Issa?"

"Rufe bakinka, Baba," Ikrama ya ce da sauri. "Ba ka ga kowa ba."

"Ɗana, wallahi tun ranar ban sami barci ba. Ni na wanke jinin daga jikin motar da hannuna. Da ka zo ka tambaye ni—"

Tau!

Tsohon ya koma ƙasa. Kaji suka watse. Shekara ya sauke bindigar yana hura hanci.

"Ka ce ba jini!"

"Ya san sunanka, gobe ya san nawa. Shiga mota, dalla. Khalifa, zauna gefensa. In ya yi wani motsin banza, ka san aikinka."

Ikrama ya dubi Sallau. Ƙafar tsohon tana shure rairayi a hankali. Ya so ya je wurinsa, Khalifa ya tura shi ciki da bakin bindiga. Ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani har kwanon rumfar ya amsa.

A bayan ɗakin girki, Maryama matar Sallau tana durƙushe tsakanin buhunan dusa, ta cusa gefen zanenta a baki. Sai da ta ji ƙarar ta yi nisa ta jawo ƙaramar wayarta. Ba ta da lambar jandarma, ta danna ta ƙanenta da ke sayar da katin waya a ƙofar jandarma.

"Sun harbe Malam," ta ce. "Sun tafi da jar motar. Ka shiga ka gaya musu."

Shekara na gaba a kan babur, jar mota na binsa. Tun a teburin shayi ya so su yanki daji zuwa iyaka, Ikrama ya ce cikin motar a ƙasa yake, taku kaɗan za ta yi a rairayi ta zauna. Dole sai kwalta. Shirin shi ne su hau kwalta, su yi kudu, kafin shingen jami'an tsaro na Ɗan Barto su sauka wani gida inda babbar mota ke jira.

Khalifa sai shafa kujerar fata yake. "Kai, masu kuɗi na shan daɗi. Taka ta mana mu ji, malam."

Ikrama ya gyara riƙon sitiyari. Ga mararraba ta taho. Shekara ya miƙa hannu, ya karya kudu.

Ikrama ya karya arewa.

Tayoyin baya suka yi kuka, motar ta wulga gindi, ta miƙe. Ya take totur har ƙasa. Kan Khalifa ya bugi kujera.

"Kai! Ina za ka? Gari ne nan!"

"Na sani."

"Juya, ɗan iska! Juya ko in fasa kanka!"

Bakin bindiga ya taɓa kunnensa, da zafinsa na rana. Itatuwan bakin hanya sun zama zane ɗaya. Wani mai keke ya faɗa cikin gona.

"Harba," in ji Ikrama, idonsa a kan hanya. "Dubi allurar gudun nan tukuna. In na saki sitiyari, da cokali za a kwashe ka."

"Wallahi zan harba!"

"To me kake jira?"

Khalifa ya dubi allurar. Ya dubi hanya. Ya janye bindigar daga kunnen Ikrama.

Tau! Tau! Gilashin baya ya tarwatse. Shekara ne ya juyo, yana tuƙi da hannu ɗaya, yana harbi da ɗaya. Ikrama ya ji kamar an soka masa ƙarfe mai zafi a kafaɗa. Hannun hagunsa ya saki. Ya riƙe da dama, ya cije leɓe. A madubi babur ɗin ya ƙanƙance, ya ƙanƙance, sannan ya tsaya. Shekara ya fahimci ba zai kamo ta ba. Ya juya ya yi kudu shi kaɗai.

A daidai lokacin ajudan yana tsaye a ƙofar ofis, yana magana a rediyo. "Shingen Ɗan Barto, ku rufe hanya. Jar mota da babur, suna da makamai." Mutanensa na tsalle cikin mota. Sai suka ji gurnanin, ba daga kudu ba, daga cikin gari.

Ikrama ya rage gudu a bakin kasuwa, don hanya ta cika da jakuna da masu tallan goro. Ya ɗora hannu a kan oda bai ɗaga ba. Mutane suka dare. Khalifa ya ga dama ta samu, ya buɗe ƙofa ya dira, bindiga a hannu. Bai yi taku biyar ba mahauta suka rufe shi.

Ikrama ya kai motar tsakiyar fili, gaban rumfunan masu rake, inda Issa ke sauke kaya. Ya kashe inji. Ya fito da ƙyar, rigarsa jiƙe da jini, ya taka goshin motar ya hau kan rufinta. Kasuwa ta yi tsit.

"Jama'ar Matameye!" Ya ƙara ɗaga murya. "An ce babu wannan motar. An rantse babu ita. To ga ta! Daga gidan gonar Alhaji Illa na ɗauko ta. Ku matso ku dubi goshinta, fentin amalanken Issa ne. Wanda bai gani ba ranar nan, yau ya gani."

Ba wanda ya motsa. Sai wata tsohuwa mai tuyar awara, Iya Zuhra, ta ajiye matsaminta, ta ratso mutane. Ta sunkuya ta dubi fitilar, ta miƙe.

"Ita ce," ta ce. "A gabana aka yi. Fahad ne a ciki, da farar hula. Na yi shiru don jikana yana aiki a motar Alhaji Illa. Allah ya yafe mini."

"Ni ma na gani," wani mai faci ya ce daga baya.

"Har da ni."

Wayoyi suka tashi sama, kowa na ɗauka. Kafin motar jandarma ta ratso taron, hoton ya isa Damagaram, inda Alhaji Illa ke zaune a wurin ɗaurin aure.

Ajudan ya sauko, ya zagaya motar, ya tsaya a gaban goshinta. Sannan ya ɗaga kai.

"Sauko."

"Ranka ya daɗe, ka ce in kawo maka motar."

"Ban ce ka kawo mini gawa ba. Matar Sallau ta sake bugo waya, ya cika."

Ikrama ya dafa rufin motar. Ya sauko a hankali, ya miƙa hannunsa mai lafiya, aka sa masa ankwa.

Shekara bai ga la'asar ba. Ya iske shingen Ɗan Barto a rufe, ya buɗe wuta, aka mayar masa. Khalifa ya rayu, amma mahauta sun karya masa ƙugu, har yau da sanda yake tafiya a gidan kaso. Hannun hagun Ikrama bai sake ɗaguwa ba. Maryama ta kwashe 'ya'yanta ta koma Kurni wurin danginta. Mahaifiyar Ikrama ta je mata gaisuwa, Maryama ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, amma ba ta ce mata uffan ba har ta tashi. Da aka gaya wa Ikrama wannan, ya juya fuskarsa ga bango, ya ƙi cin abinci.

A gaban mai shari'a bai ɓoye komai ba. Aka tambaye shi ko ya yi nadama.

"Ta Baba Sallau na yi, kuma da ita zan mutu," ya ce. "Ni na kai masa mutuwa har gida. Ta motar kuwa ban yi ba. Ko yau aka sake ni, aka ce babu ita, sai na ɗauko ta."

Aka yanke masa shekaru masu yawa. Fahad, da aka kamo a Yamai, nasa kaɗan ne, don an ce hatsari ne da gudu, ba fashi ba. Mota ɗaya ta kwashe su zuwa gidan kaso, suna fuskantar juna a kan benci. Fahad ya rame, amma shaddarsa a goge take. Ya daɗe yana kallon shanyayyen hannun Ikrama.

"Ni kafin ka saba da tuwon gidan nan na fita," ya ce. "Kai kuma ka ƙone rayuwarka a kan mai tura rake."

Ikrama ya matso har gwiwarsu ta haɗu. Jandarman da ke gadinsu ya gyara riƙon bindiga, amma bai hana ba.

"Sunansa Issa. Faɗi."

Fahad ya kawar da kai.

"Ɗaki ɗaya za a sa mu," in ji Ikrama a hankali. "Kullum da safe zan tambaye ka. Ba na gaggawa."

Motar ta faɗa rami ta fita. Fahad ya dubi jandarman, jandarman ya dubi waje.

"Issa," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba."