Ƙararrawa Uku a Gangaren Tsamiya

"Ni Lawal mai keke, ko aljani ya ji ƙarar kacata, kauce mini yake yi."

Haka ya faɗa a rumfarsa ta gyaran keke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wata Laraba cikin daminar 1991, da shuɗin tsummansa na goge hannu rataye a kafaɗa. Masu kawo citta daga ƙauyuka suna kan benci suna jiran faci, ana hirar gangaren tsamiya. Siririyar hanya ce da masu keke suka tattake a cikin gandun daji, ta hau tsauni ta sauko tsakanin duwatsu da saiwoyi, tana rage wa mutum tafiyar rabin yini. Inda gangaren ya fi tsanani akwai kwana, a kwanar akwai tsamiya. Musulmi da Kirista kowa ya san dokar wurin: kafin ka sha kwanar sai ka kaɗa ƙararrawa sau uku, domin aljanu masu tsamiyar su janye 'ya'yansu daga kan hanya.

"Ni ba na kaɗawa," in ji Lawal. "Birki ma ba na taɓawa. Sakin hannu nake in wuce ina fito."

Abin da Lawal ke yi a gangaren nan, daga shi sai Allah suka sani, sai kuma mazauna tsamiyar.

Meshak malamin daji, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, ya ƙyalƙyale da dariya. "Maƙwabci, kai da akuya ta yi atishawa ka zubar da kunu?"

Benci ya ɗauka. Lawal ya yi yaƙe, amma abin ya sosa shi. Ga keken Meshak a gabansa, an kawo gyaran kaca. Da hankalin mutane ya koma kan wani zance, ya kwance murfin ƙararrawar, ya yagi gefen tsummansa ya cusa ciki, ya mayar da murfi. Shi dai so yake gobe ya ji yadda idon Meshak ya raina fata.

Washegari da azahar aka kawo Meshak da karyayyen hannu. Ya ce sau uku ya danna, ƙararrawa ta yi gum. Hanya fayau ba kowa, amma keken ya daki wani abu mai laushi, ya kuma ji kukan yaro a ƙarƙashin taya. Duk cikin masu zuwa dubiya ba wanda ya kai Lawal yawan sannu. Ya ja keken zuwa gidansa wai zai miƙe masa wili, ya kife shi a tsakar gida, ya buɗe ƙararrawar. Ba tsumma a ciki.

Rana ta yi ja. Khadijatu matarsa tana kwashe tuwo, 'yarsu Kubra mai shekara goma sha huɗu tana kora kaji akurki. Iska ta tsaya cak, hayaƙin murhu ya miƙe sama kamar igiya. Ladan bai rufe baki daga kiran magariba ba dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo, sannan na uku. Lawal ya tsinci ɗaya. Jiƙaƙƙe ne, da gansakuka a jikinsa, irin wanda babu shi a cikin gari sai a kan tsauni.

Tayar keken da ke kife ta fara juyawa a hankali, ba mai taɓa ta. Ƙararrawar ta kaɗa sau uku, tas.

"Baba," in ji Kubra da 'yar ƙaramar murya, "ƙafata."

Ta zube nan bakin akurki. Ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe, ta yi sanyi kamar randa.

Da safe Lawal ya hau kekensa zai nemo taimako. Ya bi gefen layin dogo, ya sha kwanar masu niƙa, sai ga shi a ƙofar gidansa. Ya juya ta hanyar kasuwa, ya taka feda har gumi ya jiƙa masa riga, sai ga ƙofar gidansa. Ya ajiye keken ya tafi a ƙasa, yana ƙirga gidaje, yana gaisawa da mutane, sai ga ƙofar gidansa, da takalman Kubra a bakin zaure. Khadijatu tana fita ta dawo. Kaji suna fita su dawo. Shi kaɗai hanya ta ƙi.

Kwana huɗu yana zaune a gindin katanga. Tsakar gidan kullum ƙara matsewa take. In rana ta karkata sai ya san duwatsu na tafe, bayansu ƙararrawa, bayanta kuma kukan wani yaro daga ɗakin da Kubra ke kwance, alhali bakinta a rufe yake. Sanyin ya wuce gwiwa, ya doshi cinya.

"Baban Kubra," Khadijatu ta ce masa ƙasa-ƙasa, "in akwai abin da ka taɓo, ka faɗa."

"Ni? Me zan taɓo?"

Ya buɗe baki zai ƙara, ya hango Lucia matar Meshak ta shigo da kwanon kunu, ya haɗiye. Meshak ɗin ne ma, da hannu ɗaure a wuya, ya shiga mota har Kagarko ya zo da Malam Ubaidullahi, tsohon da aka sani da karatu a kan masu iska.

Bayan la'asar ranar Litinin gidan ya cika, har masu citta na benci sun zo. Aka shimfiɗe Kubra a tabarma. Malam ya zauna wajen kanta ya fara karatu, ba gaggawa, ba ɗaga murya. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe rabin tsakar gida kafin yarinyar ta tashi zaune. Idonta a rufe, muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai tsamiya."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Nawa ɗan me ya yi? Wasa yake kan hanya. Shekara da shekaru muna jin ƙararrawa muna janye su. Ranar nan ba mu ji ba. Ƙafa da ƙafa, Malam."

Meshak ya durƙusa. "Mama, ni ne ya taka shi. Ki bar yarinya, ki kama ni."

"Tashi. Na ga yatsanka ya danna sau uku. Ba da kai nake ba."

Lawal ya soma ja da baya wajen zaure. Ya tuna ko ya fita nan zai dawo, ya tsaya.

"Zalunci ne ki kama wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku. Nemi wani abin."

Can muryar ta ce, "Ubanta ya ce yana sauka gangarenmu ba birki, ba ƙararrawa, hannu a sake. Gobe zan buɗe masa hanya. Ya zo ya sauka haka in gani, sai in saki."

Gida ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi!" in ji wani mai citta. "Ai kullum yana yi."

Lawal ya dubi ƙafar 'yarsa. Ya dubi mutane. "Malam, wato keken nawa kwanan nan, kacar..."

Dariyar tsohuwa ta fito daga bakin Kubra, sannan muryar ta rikiɗe ta zama ta Lawal sak, tana makyarkyata: "Salamu alaikum masu gida, ranku ya daɗe, bawanku Lawal ne, tura keken nake, ban hau ba, ga 'yar alewa a ba yara." Ta koma tata. "Tun daga saman tsauni yake sauka daga keke. Mutane sau uku suke kaɗawa, shi sai ya yi talatin, ya hana mu barcin rana. Ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne," in ji Lawal, kansa a ƙasa. "Ban taɓa wuce wurin a kan sirdi ba. In na gwada mutuwa zan yi. Ki sakar mini 'yata, don Allah."

Malam ya sa baki, aka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana: Lawal zai kafa turke kafin kwanar, ya ɗaura masa babbar ƙararrawa, domin ko ta keken mutum ta ƙi, ya sami abin kaɗawa.

"Na yarda," in ji muryar. "Sauran maganar tana hannun yarinya."

Kubra ta yi atishawa sau uku. Ta buɗe ido, ta miƙe ƙafa, ta tashi tsaye tana kiran uwarta. Khadijatu ta rungume ta tana kuka. Sai a lokacin aka lura hannunta na dama a dunƙule yake. Ta buɗe. Wani ɗan shuɗin ƙyalle ne mai baƙin mai, a murɗe, da zagayen shatin murfin ƙararrawa a jikinsa.

Meshak ya karɓa da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana dubawa. Ya tako a hankali, ya zare tsumman da ke kafaɗar Lawal, ya shimfiɗa a kan turmi, ya ɗora ƙyallen a inda ya yage. Ya zauna daram, ko zare bai saura ba.

Kowa ya gane wanda ya toshe ƙararrawar Meshak.

"Maƙwabci," in ji Meshak, "gobe kai za ka kai ni gangaren a kan kariyar bayan keke. Kai ka tura, tunda ka iya. Ni zan kaɗa."